Agogon Ghana yana ɓoye muku kurakurai

Ƙannena masu koyon gina shafukan intanet a Nima, Maamobi da Madina na Accra, akwai tarkon da zaman Ghana kansa ya ɗana mana, kuma mu da muka riga ku shiga harkar mun sha faɗawa cikinsa. Ghana tana kan agogon GMT duk shekara, ba ta matsar da agogo gaba ko baya. Layin Greenwich ma ta Tema ya ratsa. Don haka a kwamfutarka lokacin gida da lokacin UTC, wato agogon duniya da kwamfutoci ke lissafi da shi, abu ɗaya ne. Ko ka cakuɗa su, komai zai tafi daidai a gabanka, sai ranar da wani ya buɗe shafin daga Kano, ko Jidda, ko Bronx.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan ka rubuta new Date("2025-03-15"), kwanan wata zalla, JavaScript zai ɗauke shi a matsayin sha biyun dare na UTC. Idan ka ƙara lokaci, ka rubuta "2025-03-15T00:00", sai ya ɗauke shi a agogon na'urar mai karatu. A Accra duka biyun amsa ɗaya za su ba ka. Amma ɗan'uwan da ke New York, wanda a ranar yake bayanmu da awa 4, na farkon zai nuna masa 14 ga Maris, ƙarfe 8 na dare. Ranar ɗaurin aure ko ranar tashin jirgi ta ja baya da kwana guda ke nan.

Na Kano kuma ta wani ɓangaren ake cutarsa. Yana gabanmu da awa 1. Ka ƙirƙiri sha biyun daren 15 ga wata a agogonsa, ka kira toISOString, mai mayar da lokaci rubutu a agogon UTC, ka yanko haruffa 10 na farko ka tura rumbun bayanai: abin da zai shiga 14 ga wata ne, domin a UTC ƙarfe 11 na daren jiya ne. Wannan yankan yana da farin jini wajen masu koyo, kuma a Ghana ba zai taɓa tona maka asiri ba.

Wannan rashin kan gado yana da tarihi. Ƙa'idar JavaScript mai suna ES5.1, ta 2011, ta ce duk rubutun da bai faɗi tazararsa da UTC ba, a ɗauke shi UTC. Ta 2015 ta ce a'a, agogon gida. Daga baya aka yi sulhun da muke kai yanzu, kwanan wata zalla UTC, mai lokaci kuma na gida. Burauzoji ba su bi canjin a tare ba, shi ya sa tsofaffin Safari suka daɗe suna karanta na biyun a matsayin UTC bayan Chrome da Firefox sun koma agogon gida.

Wancan ma tsarin da ƙa'ida ta san da shi ne. Duk rubutun da ya fita daga tsarin ISO 8601, wato irin wanda muka gani a sama, an bar wa kowane burauza ya yi yadda ya ga dama. Rumbun bayanai na MySQL yakan ba ka "2025-03-15 14:30:00", da fili a tsakiya maimakon harafin T. Chrome zai karɓa ba gardama, tsofaffin Safari kuwa su ce Invalid Date, sai ka ga NaN, wato "ba lamba ba", a inda ya kamata awa ta fito. Kada ka ce wa mai iPhone ya koma Chrome, domin Chrome ɗin iPhone injin WebKit yake amfani da shi, irin na Safari. Kuma ka san yadda tsofaffin iPhone na hannu suke da yawa a kasuwar wayoyi ta Circle, waɗanda sun daina karɓar sabuntawa. Masu su ne kwastomominka.

Sai mai karkatacciyar sanda. A Ghana rana muke fara rubutawa, amma Chrome zai karanta "03/04/2025" irin na Amurka, wato 4 ga Maris, ba 3 ga Afrilu ba. "15/03/2025" kuma ya ƙi shi gaba ɗaya, tunda babu wata na 15. Gara wanda aka ƙi, domin za ka gani. Wanda aka karɓa a karkace shi ke kwana cikin lissafi.

To me za ka yi? Ka fara da tambayar kanka: wannan abin wani lokaci ne da ya auku, ko kwanan wata ne kawai? Lokacin da aka biya kuɗi ta MoMo, wato ta waya, ko aka aika saƙo, ka adana shi a UTC, ka tura shi cikakke da T da Z a ƙarshe, kamar "2025-03-15T14:30:00Z". Duk burauzar zamani fahimta ɗaya za ta yi masa. Ranar haihuwa kuwa ba ta da yankin lokaci. Ka bar ta a rubutunta, kada ka cusa ta cikin Date ko kaɗan. In ya zama dole, ka raba shekara da wata da rana da hannunka, kana tune da cewa Janairu 0 ne, Disamba 11, gadon da JavaScript ya kwaso daga Java tun 1995.

Taron da ke gaba, kamar tafsirin da za a watsa kai tsaye daga Landan, ka adana lokacinsa tare da sunan yankin, Europe/London. Kada ka adana tazarar awa kawai, domin Ingila tana daidai da mu lokacin sanyi, amma daga Lahadin ƙarshen Maris zuwa Lahadin ƙarshen Oktoba tana gabanmu da awa 1. Wajen nunawa ka bar wa Intl.DateTimeFormat aikin, ka ba shi timeZone, ko Africa/Accra ko Asia/Riyadh, kuma ka rubuta wa mai karatu agogon da kake nufi, yadda gidajen rediyo ke cewa agogon Najeriya da Nijar, agogon GMT da Ghana.

Ƙananan abubuwa uku, a gurguje. PHP daƙiƙa yake ƙirgawa, lamba 10, JavaScript kuma kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, lamba 13. In ka ga Janairun 1970 a shafinka, ka manta ninkawa da 1000 ne. getTimezoneOffset alamarsa a juye take, Kano -60 yake bayarwa. Alamar + ta "+01:00" kuma takan rikiɗe ta zama fili cikin adireshin shafi in ba ka bi da ita ta encodeURIComponent ba.

Moment.js, kayan aikin sarrafa lokaci a JavaScript, masu shi sun sanar tun 2020 cewa sun daina ƙara masa sabon abu, don haka sabon aiki ka duba Luxon ko date-fns. Temporal, magajin Date, ya shiga Firefox a 2025, amma tsohuwar waya ba ta san shi ba, sai ka haɗa mata da abin cike giɓi, wato polyfill.

Kafin ka miƙa aiki, ka fitar da kwamfutarka daga Ghana. A kayan gwajin Chrome akwai sashen Sensors inda za ka sauya yankin lokaci; a Node kuma ka sa TZ=America/New_York kafin umarnin. Ka gwada yanki ɗaya a gabanmu, ɗaya a bayanmu, da lokutan da ke dab da sha biyun dare, sannan ka ari tsohuwar iPhone ka buɗe shafin a kanta.