RR a jikin injin jirgi

Yau a jirgi wani yaro da ke kusa da ni ya leƙa taga ya hango tambarin RR a jikin injin, sai ya ce "Baba kalli, motar masu kuɗi!" Dariya ta kama ni wlh. Ai motocin Rolls-Royce (RR) tuni suna hannun BMW, wannan Rolls-Royce ɗin na Derby ne a Ingila, injin jirgi suke ƙerawa, duk jirgin Airbus A350 da ka hau injinsu ne a jiki, mai suna Trent XWB.

Abin da ya tsaya min a rai, a 1971 kamfanin nan durƙushewa ya yi fa, kuɗin ƙera injin RB211 ya cinye su har sai da gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi, bai koma hannun 'yan kasuwa ba sai 1987, kuma Trent ɗin nan jikan RB211 ɗin ne. Yanzu yawanci kamfanonin jirage kan biya su ne bisa kowace awa da injin ya yi a sama, gyara kuma na wuyan Rolls-Royce. Kenan in injin ya kwanta, aljihun Rolls-Royce ne zai fara ji.