Abin da kalmar "annex" ta koya mini a aikin fassara

Yawancin takardun kwangila da ake kawo mana fassara suna ƙarewa da wasu shafuka masu kanun "Annex A", "Annex B". Jadawalin kuɗi ne, ko taswira, ko jerin kayan da za a saya. Mu dai "ƙari" muke rubutawa mu wuce, har sai da na bi kalmar zuwa tushenta.

Ta shiga Turanci ne a ƙarshen ƙarni na 14 ta hannun Faransanci, asalinta kuma Latin: "ad", wato zuwa ga, da "nectere", wato ɗaurewa. Daga wannan "nectere" ɗin "connect" ma ta fito. Amma akwai bambanci. A "connect" abu biyu ne suka haɗu, babu babba babu ƙarami. A "annex" kuwa ƙaramin ake kamowa a ɗaure a jikin babba, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Shi ya sa ƙaramin ginin da aka tayar a gefen sakatariya ko otal yake amsa wannan suna.

'Yar'uwarta "appendix" daga "pendere" take, ratayewa. Ɗaliban Hausa da ke rubuta "Rataye" a ƙarshen kundin digirinsu sun dace da tushen tsaf, ko sun sani ko ba su sani ba.

Inda abin ya fi ba ni aiki shi ne labarai, domin da wannan kalma mai kama da ta akawu ake haɗiye ƙasa. A watan Agustan 1861 Sarkin Legas Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa Legas ga Ingila, jirgin yaƙinsu na tsaye a ruwa, littattafan tarihi kuma suka ce an yi "annexation". Haka Amurka ta yi wa Hawai a 1898, Jamus ta yi wa Ostiriya a 1938, Rasha ta yi wa Kirimiya a 2014. Idan na rubuta "ta ƙara", na wanke mai ƙwace ke nan. Idan na rubuta "ta mamaye", na faɗi rabin magana, don mamaya zaman soja ne a ƙasar wani, ita kuwa "annexation" shela ce cewa ƙasar ta zama taka. Isra'ila ta mamaye tuddan Golan na Siriya a 1967, amma sai a 1981 ta kafa dokar da ta shimfiɗa mulkinta a kansu, matakin da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce bai halatta ba.

Yanzu a kwangila ina sa "rataye". A labari kuwa ina rubuta "ta haɗe yankin da ƙasarta da ƙarfi", ko da edita zai yi ƙorafin cewa kanun ya yi tsawo.