Asabar, ranar faifan saukar Alƙur'ani

Yau in ban da masallaci da gidan maƙwabci babu inda na leƙa. Tun bayan karin kumallo nake gaban kwamfuta a kan faifan saukar Alƙur'anin ɗan Yaya. Makon jiya aka yi bikin a Islamiyyarsu, Inna kuma ba ta samu zuwa ba, ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiyar mota. An tura mata bidiyon a wayar wani jikanta da ke can gida, ta ce idonta ba ya ɗaukar waɗannan ƙananan mutanen. Abin da ta saba da shi shi ne tsohuwar talabijin ɗinta mai doro da na'urar DVD da ke ƙarƙashinta, wadda ko wurin soka filash ba ta da shi. Da muka yi waya shekaranjiya ta ce, "Auta, ka yi mini yadda zan ga mijin nawa yana karatu, ka ji?" Na ce, "In sha Allahu Inna, za ku gan shi."

Yaya ya riga ya kai wa wani mai shago ya zuba masa a faifai, aka gwada a na'urar maƙwabcinmu ta ce babu faifai a cikinta. Da na buɗe shi a kwamfuta na ga dalili nan take. Fayilolin MP4 ne aka kwasa daga waya aka jibga a kan faifan yadda suke, kamar yadda ake ajiye takardu. Na sa MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil ɗin bidiyo, ya karanta mini su, ya nuna H.265 ne, tsarin da sababbin wayoyi ke matse bidiyo da shi. Na'urar da aka ƙera tun kafin a san wannan tsarin ta ina za ta gane shi?

Mutane da yawa sun ɗauka duk abin da aka ɗora a faifan DVD ya zama fim ɗin DVD. Ba haka ba ne. Tun da tsarin ya fito a Japan a 1996 ƙa'idarsa ba ta canza ba. Dole a matse hoton da tsarin MPEG-2, ko tsohon MPEG-1. Dole a samu folda mai suna VIDEO_TS, a cikinta akwai fayilolin VOB masu ɗauke da hoto da sauti, kowanne ba ya wuce gigabait 1, sai fayilolin IFO da ke gaya wa na'ura inda za ta fara da inda kowane babi yake, sai BUP wanda kwafin IFO ne na ko-ta-kwana idan faifai ya karce. A tsarin PAL da talabijin ɗinmu ke bi, girman hoto ɗigo 720 ne a 576, hotuna 25 a kowace daƙiƙa. In babu waɗannan, tsohuwar na'ura za ta yi ta juya faifan ne kawai ta tura maka shi waje.

Na fara da wata ƙaramar manhaja da ke kan kwamfutar tun tuni, irin masu cewa ka jefo bidiyo ka danna maɓalli ɗaya ka karɓi faifai. Ta yi aikinta har kusan azahar. Ban buga a faifai ba, na fitar da shi a folda na buɗe da VLC, manhajar kallon bidiyo. Farkon lafiya lau: jawabin shugaban makaranta, bakinsa da muryarsa a tare. Na tsallaka zuwa wajen minti 70 inda aka kira yaronmu. Ya zauna, ya ɗora allonsa mai zayyana a cinya, sai na ji murya ta fara Fatiha alhali bakinsa a rufe yake. Sautin ya riga hoton da kusan daƙiƙa 2.

Raina ya ɓaci sosai a nan. Da waƙar biki ce da sai in ce a bar shi haka, babu mai lura. Amma Inna kunnenta ya yi nauyi, rabin jinta da ido take yi, bakin mutum take bi. Kuma ta haddace ayoyin nan tun muna yara, za ta riƙa bin sa ne a hankali. In ta ga leɓe na wani wuri murya na wani wuri, abin da za ta ɗauka shi ne yaron ba shi yake karatun ba, ɗora masa aka yi. Ba zan aika mata da wannan ba.

Abin da ya sa ni a hanya shi ne yadda tazarar take ƙaruwa. Da a ce tun daga farko daƙiƙa 2 ce har ƙarshe, sai in ja sautin baya in huta. Amma nan a minti 10 babu komai, a minti 40 ta ɗan fito, a minti 70 ta yi muni. Na koma MediaInfo na duba layin adadin hotuna, na tarar ba tsayayye ba ne. Wayar Yaya tana ɗaukar hotuna 30 a daƙiƙa idan akwai haske, amma zauren makarantar da duhu-duhu, ga wayar ta ɗau zafi a hannunsa, sai ta riƙa rage adadin, wani wurin har ƙasa da 20. Ita wayar tana rubuta lokacin kowane hoto a cikin fayil ɗin, shi ya sa in ka kalla a kanta ko a VLC ba ka ganin matsala. Manhajar da na sa kuwa ba ta karanta wannan lissafin daidai ba, ta jera hotunan kamar duk tazararsu ɗaya ce, sauti ya kama hanyarsa, hoto ya kama tasa.

Maganin shi ne a daidaita adadin tun kafin a je ga MPEG-2. Na ɗauko asalin fayil ɗin na sa a HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, na zaɓi hotuna 25 a daƙiƙa, na danna zaɓin da ke tsayar da adadin ba hawa ba sauka. HandBrake ba ya haɗa DVD, MP4 zai sake ba ni, wato bidiyon zai sha matsa sau biyu ke nan. Saboda haka na ɗaga ingancin wannan zagayen sosai, ban damu da girman fayil ba tunda na wucin gadi ne.

Na ɗan tsaya tunani a kan 25 ɗin nan. Tunda wayar a 30 ta ɗauka, da NTSC na bi, tsarin Amurka da Japan mai hotuna 29.97 da girman 720 a 480, da motsin ya fi santsi, don ba za a zubar da hoto ba. Saukowa daga 30 zuwa 25 na nufin cikin kowane hoto shida ana jefar da ɗaya. Yawancin na'urorin DVD da ke kasuwanninmu suna karanta tsarin biyu. Amma ba na'urar nake ji ba, talabijin ɗin nake ji. Tsofaffin talabijin na PAL da yawa in ka ba su NTSC sai launi ya gudu, a koma baƙi da fari, wasu ma hoton ya riƙa mirginawa. Ba ni kusa balle in gyara. Yara a zaune suke karatu, ba ƙwallo suke bugawa ba, ɗan tsallen da hoto zai yi ba zai dami kowa ba. Na tsaya a PAL.

Ana tsakiyar wannan aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar ba ya jure irin wannan aikin, fankarta kuma sai kuka take, gindinta ya yi zafin da ba ka iya barin hannu a kai. Na dakatar da aikin, na ɗora ta a kan littattafai biyu ta gefe-gefe don iska ta ratsa ƙasa, na tafi sallar azahar. Uwargida ta ce in tada janareta, na ce a bari tukuna, man da ya rage na lokacin buga faifan ne, don can ne yankewar wuta ke yin ɓarna. Allah Ya taimaka aka dawo da ita kafin la'asar.

Da ya gama na je kai tsaye farkon Baƙara, don na samu ma'aunin da ya fi kowanne. A "Alif Lam Mim", inda lam ke shiga cikin mim, dole leɓe su haɗu a riƙe gunna, sannan su buɗe a ja madda, su sake rufewa a ƙarshe. Na rage gudun bidiyon zuwa rabi, na matso da fuskata. Leɓen yaron suka haɗu daidai lokacin da gunnar ta shigo, suka buɗe tare da jan, suka rufe tare da shirun. Na mayar baya na sake kallo, ba don shakka ba, don daɗin da na ji. Yaron nan ya iya karatu, Allah Ya sanya albarka.

Sai maganar bidiyon ɓangaren mata, wanda 'yar Yaya ta ɗauka da wayarta a tsaye. Manhajar farko ta ja shi ya cika allo, fuskokin mata duk sun baje. Na bar shi a tsayensa da baƙi a hagu da dama. Zai yi ƙanƙanta a talabijin ɗin Inna, na sani, amma gara ta gane Goggo da fuskarta ta gaskiya.

Haɗa faifan da DVDStyler na yi, manhaja ce ta kyauta. A nan lissafi ya shigo. An rubuta 4.7 a jikin faifai, amma kwamfuta wajen 4.38 take nuna maka, saboda masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, ita kuma da 1024. Bidiyon gaba ɗaya awa 1 da minti 50 ne, daƙiƙa 6,600 ke nan. In ka raba abin da faifai ke ɗauka a kan wannan tsawon, kowace daƙiƙa tana samun wajen megabit 5.7, hoto da sauti da komai. Na ba hoto kilobit 5,000, wato megabit 5, na ba sauti kilobit 192 a tsarin matse sauti na AC-3, saura na bar shi sarari. Ƙa'idar DVD ta yarda hoto ya kai megabit 9.8, amma ko da wuri ya isa ba na son kusantar can a faifan gida, tsohuwar na'ura mai gajiyayyen ido takan riƙa sarƙewa. Sautin kuma dole ma'aunin ɗaukarsa ya zama sau 48,000 a daƙiƙa. Na 'yar Yaya a 44,100 yake, manhajar ta mayar da shi da kanta, na saurara ban ji ya canza ba.

Na yi shafin zaɓi mai sauƙi saboda yaran gidan, maɓalli uku. Salon rubutun da ya zo da shi ba shi da ƙ, sai ya sa ɗan akwati a tsakiyar "Alƙur'ani", na canza zuwa wanda ke da haruffanmu. Na kuma janyo rubutun ciki sosai daga gefuna, don talabijin mai doro tana cinye bakin hoto ta kowane ɓangare. Amma abin da na fi ba muhimmanci shi ne umarnin farko: na saita faifan ya fara fim ɗin da kansa da zarar an tura shi, ba sai an taɓa rimot ba. Rimot ɗin gidan Inna rabin maɓallansa sun shafe, ita kuma ba za ta zauna jiran yaro ya dawo daga makaranta ya danna mata ba. Na sa babi a daidai inda aka kira sunan jikanta, don duk wanda ke kusa ya danna gaba sau ɗaya ya kai ta wurin.

Faifan fanko ma yanzu sai an nema. A da, lokacin da kasuwar finafinai ke ci a Ƙofar Wambai, ko'ina ka juya ga su nan jibge. Yanzu kowa ya koma tura fim a waya, sai da na aiki yaro shago uku jiya kafin ya samo. Na ce masa DVD-R, mai alamar ragewa, ba mai alamar tarawa ba. Mai alamar ragewar ne ya riga fitowa, tsofaffin na'urori sun fi sabawa da shi.

Ban bar DVDStyler ya buga kai tsaye ba. Na sa ya fitar da ISO, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, na buɗe a VLC na bi babi-babi, na duba farko da tsakiya da ƙarshe. Bayan magariba na jona na'urar buga faifai ta USB, na buɗe ImgBurn, manhajar buga faifai. An rubuta 16x a jikin faifan, na saukar da gudun zuwa 4x, don faifai mai araha ya fi karɓar rubutu a hankali. Na kuma sa alamar tantancewa, wato in ya gama ya sake karanta faifan ya gwada da asalin. Kwata na awa ya ɗauka wajen bugawa, na hana yara ko jingina da teburin.

Bayan isha'i na ɗauka zuwa gidan maƙwabcinmu, wanda na'urarsa sa'ar ta Inna ce. Ya tura faifan, ta yi ɗan gurnani, sai ga zauren makaranta da launinsa. Ya ce, "Malam, wannan ai kamar na kanti." Muka danna gaba zuwa karatun, muka saurara har ya kai "muflihun", baki da murya a tare. Wuri ɗaya na lura hoto ya ɗan yi tsalle, inda Yaya ya juya wayar da sauri zuwa ga iyaye, sakamakon hotunan nan da aka zubar ne, kuma maƙwabcin ma bai gani ba sai da na nuna masa.

Na kira Yaya na shaida masa. Na ce, "Yaya, in za a yi na ƙanwarsa, ka kwantar da wayar, ka tsaya ta inda haske ke shigowa, kuma kada ka turo ta WhatsApp, ka kawo mini wayar in cira da kebul." Ya ce to, ya tambaya ko za a samu na gidan surukansa. Na dawo na buga na biyu daga ISO ɗin, shi ma ya wuce tantancewa. Na rubuta suna a bayan kowanne da maka mai laushi, ban manna takarda ba don tana sa faifai rawa a cikin na'ura. Gobe da sassafe zan kai na Inna tasha in ba direban garinmu, a cikin kwalinsa na roba, in roƙe shi kada ya ajiye a gaban mota inda rana ke duka.