Daga Agadas zuwa Bagazam: Tafiya a duwatsun Abzin

Mun bar Agadas bayan sallar asuba, hasumiyar masallacin nan mai tsawon mita 27 tana bayanmu, muka nufi gabas maso arewa. Kafin hantsi kwalta ta zama labari. Mota sai bin ƙorama busasshiya take yi, yashi har gindin taya.

Abzin ba dutse guda ba ne. Tsaunuka ne masu zaman kansu, kowanne a tsaye shi kaɗai, tsakaninsu kwari da fili. Na farkon da ya tare mu shi ne yankin Todra, inda tuddai masu tsini baƙi wuluk suka cika wuri. Direbanmu, Ba'abzine mai Hausa ras, ya tsaya ya ɗauko mini dutse ɗaya. Duk jikinsa huji-huji ne kamar soson wanka, ga shi ba nauyi. Ya ce, "Malam, wannan wuta ce ta dafa shi." Gaskiyarsa. Tuddan nan bakunan aman wuta ne da suka daɗe da mutuwa, baƙin dutsen kuma narkakken dutse ne da ya malala ya sandare.

A Tabelot muka kwana, garin albasa. Garake ne jere a bakin ƙorama, wasu raƙumi ke ja musu guga, wasu sun koma inji. Buhuna tuli a bakin hanya suna jiran manyan motoci.

Bagazam ne ya kawo ni, dutsen da dawakansa suka yi suna a ƙasar Hausa. Da ƙafa muka hau shi, jakuna ɗauke da kaya, hanya ƴar siririya tana murɗawa tsakanin manyan duwatsu. Gwiwa ta sha wuya. Amma da muka kai sama sai ga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ga ƙauyuka, ga awaki, ga garake shar da tafarnuwa da alkama. Mutane na zaune can sama, ba ruwansu da hayaniyar duniya. Ƙololuwar wurin ita ce Idukal-n-Tages, mita 2,022, babu inda ya kai ta tsawo a duk Nijar. Da dare sanyi ya ratsa ƙashi, shayi uku bai raba mu da shi ba. Wanda ya ɗauka Sahara zafi ce kawai, bai kwana a Bagazam cikin hunturu ba.

Daga nan muka zagaya Timiya. Lemo da rumman da dabino a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, abin sai wanda ya gani. Kusa da garin ruwa ke zubowa daga saman dutse zuwa wani ɗan tafki mai sanyi ƙalau, a kan tudu kuma ga tsohuwar ganuwar Faransawa tana leƙen gari.

Mun ratsa kangon tsohon garin Asode ba tare da ɓata lokaci ba, muka isa Iferwan a gindin dutsen Tamgak, mai tsawon mita 1,988. Shi wannan ba ya gayyatar baƙo, gefensa a miƙe yake, kwazazzabansa masu zurfi. Tun 1991 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan ɓangare da hamadar Tenere cikin kayan tarihin duniya.

Na so mu ƙarasa dutsen Gereban, can arewa, mita 1,944. Direba ya dubi ganga biyun man da suka rage, ya girgiza kai, ya ce sai dai wani jiƙon. Muka juya akalar mota ta hanyar Arlit.