Asusu Ɗaya, Hannaye Da Yawa

A lokacin da nake koya wa ɗalibai rubutu a Wikipedia ta Hausa a wata cibiyar kwamfuta da ke Sakkwato, na tafka wani kuskure da na ɗauka dabara ce. Tsarin Wikipedia ba ya barin a buɗe asusu fiye da 6 daga adireshin intanet guda cikin sa'o'i 24, mu kuwa mun kusa ashirin, kuma duk layi ɗaya muke amfani da shi. Saboda gaggawa sai na rubuta sunan asusu ɗaya da kalmar sirrinsa a kan allo, na ce waɗanda ba su samu ba su shiga da shi.

Bayan kwana biyu na tarar an rubuta cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1817, alhali wannan shekarar rasuwar mahaifinsa ce, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shi Bello a 1837 ya rasu, kuma kabarinsa yana Wurno. Tarihin gyare-gyaren maƙalar ya nuna ranar da aka yi canjin har da minti, amma sunan da ke jikinsa na mutum fiye da goma ne. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Malam, ba ni ba ne." Ba hukunci nake nema ba, so nake in zauna da mai kuskuren in nuna masa yadda ake tantance shekara kafin a rubuta ta. Na gyara, shi kuwa ya tafi da kuskurensa.

Abin da ya fi damuna shi ne wata ɗaliba da ta yi kyakkyawan aiki a kan Nana Asma'u. Lasisin Wikipedia ya wajabta a danganta rubutu ga marubucinsa, amma nata ya shige ƙarƙashin sunan da ba na kowa ba, har ta rasa abin da za ta nuna ta ce nata ne. Na ji kunya matuƙa, domin a garin da malamai ke ba da ijaza suna lissafa wanda ya karɓa daga wane har zuwa tushe, ni na katse isnadi da hannuna.

Yanzu mako guda kafin a fara horo nake sa kowane ɗalibi ya buɗe asusunsa da wayarsa tun daga gida, wanda ya zo babu kuwa ya zauna kusa da abokinsa yana kallo har nasa ya samu.