Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren da Aka Gayyaci Kawu Cin Abinci a Cheongdam

A makon jiya mun tsaya ne a inda Kawu ya sauka a filin jirgin Incheon na Koriya ta Kudu, aka karɓe kilishin da Umma ta ba shi ya kawo mini, domin dokar ƙasar ba ta yarda a shigo da nama ba. Ga waɗanda suka tarar da mu a tsakiya, Kawu yayan mahaifiyata ne, yana da shago a Kantin Kwari, kuma ya daɗe yana sarin baƙin yadin hijabi da na abaya ta hannun dillalan Dubai. Wata rana ya duba tambarin da ke jikin bandir ya ga an rubuta Koriya, sai ya tuna ai yana da ɗa a can yana karatu. Da haka na zama tafinta ba tare da an yi shawara da ni ba.

Mai masaƙar da muka nema mutumin Daegu ne, birnin da ya yi suna wajen saƙa. Ma'aikatansa Sajang-nim suke ce masa, wato shugaban kamfani, ni ma haka zan kira shi a nan. Ya ce ba a ofis za a fara haɗuwa ba, shi zai shigo jirgin ƙasa ya zo Seoul mu ci abincin dare a Cheongdam. Da na faɗa wa abokin ɗakina, ɗan ƙasar, sai ya ajiye cokali ya ƙare mini kallo, ya tambaye ni ko ina da kwat. Tasa na ara, hannun ya ɗan yi mini gajarta.

Cheongdam unguwa ce a gundumar Gangnam, kudu da kogin Han. Duk zamana a Seoul ban taɓa samun dalilin shigarta ba. Ɗalibin da ke ƙirga kuɗin kimbap, naɗin shinkafar nan mai araha, ba shi da abin nema a layin da shagunan jakunkunan Faransa da Italiya suka jeru, kowanne da mai gadi sanye da farar safar hannu.

Tun kafin ranar, gidan abincin suka bugo mini waya, domin Sajang-nim ya ba su lambata. Na karanto musu abin da na saba karantawa: ba naman alade, ba kowane irin nama tunda ba mu san yankansa ba, ba giya ko da ta girki ce, ba romon ƙashi. A ƙananan gidajen abinci na sha faɗin haka a ce mini an ji, sai a kawo shinkafa da gutsattsarin naman alade na gwangwani a ciki, wai shi ba ya cikin lissafin nama. Wannan matar kuwa ita ta riƙa yi mini tambayoyi. Ƙaguwa fa? Jatan lande? Abin da ake daskarar da kayan zaƙi da shi, in daga dabba ne, a cire? Ta ce za ta kai wa babban kuku, za a sake tsara mana jerin abincin. A nan na fara gane inda wani ɓangare na kuɗin yake tafiya.

Watan Nuwamba ne na 2019, rana tana faɗuwa da wuri. Muka yi Magariba a babban masallacin Itaewon, wanda aka buɗe tun 1976, muka tari tasi. Kawu ya ci babbar riga ta shadda ruwan toka da hula zanna, ya ɗora jibgegiyar rigar sanyi a kai. Muka haye gadar Hannam, muka miƙe titin Dosan, inda gidajen sayar da motocin Turai ke haskawa ta cikin gilashi. Gidan da za mu ba shi da wani babban allo, ƙaramin rubutu ne a jikin bango, sai wani saurayi a bakin ƙofa yana karɓar makullan motocin baƙi.

An keɓe mana ɗaki. Sajang-nim ya riga mu zuwa, shi da manajansa. Ya miƙa katinsa da hannu biyu yana rusunawa, Kawu ya karɓa zai cusa a aljihu, na yi masa raɗa cewa ya ɗan duba shi tukuna ya ajiye a kan tebur. Ko zama ba a gama yi ba mutumin ya ce in tambayi Kawu shekararsa ta haihuwa.

"Kai ɗan nan, aure zai ba ni?" in ji Kawu.

Na ce a'a Kawu, a nan sai an san wane ne babba kafin a san irin maganar da za a yi, da wanda zai zuba wa wani, da wanda zai fara cin abinci. Kawu ya ce shi dai an haife shi kafin zuwan Sarauniyar Ingila Kano, abin da ke cikin fasfo kuwa 1 ga Janairu 1956 ne. Sajang-nim ɗan 1958 ne. Nan take ya miƙe ya sake rusunawa, ya koma kiran Kawu hyeong-nim, wato yaya, ya matsa masa ya koma kujerar da ke can ciki nesa da ƙofa.

Aka kawo zagayen farko, kunun shinkafa da aka niƙa da 'ya'yan wata bishiya, fari sol, a ɗan kwanon tagulla da bai wuce tafin hannu ba. Mai hidimar ta tsaya ta yi bayaninsa, na fassara, ta fita. Sai ɗakin ya yi tsit. Sajang-nim ya ɗora hannuwa a gwiwa yana murmushi. Manajansa ya kafa wa cokalin Kawu ido. Kawu kuma ya harɗe hannu yana jiran mai gayya ya ce bisimilla, domin a tarbiyyarsa baƙo ba ya kai hannu kafin a yi masa izini. Su kuma a tasu, ƙarami ba ya ɗaga cokali kafin babba. Ina kallon tururin kunun yana raguwa, kowa na girmama kowa. Da na ga abin zai kai mu Isha, na ce da Hausa, "Kawu, ya ce bisimilla." Bai ce ba. Kawu ya ɗauki cokali, su biyun suka ɗauka a tare kamar an danna musu maɓalli.

Daga nan abinci ya riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne loma biyu ko uku, kowanne da jawabinsa. Wannan dodon koɗin teku ne daga tsibirin Wando, an turara shi awanni. Wannan kifi ne daga Jeju, an gasa shi a gawayi har ɓawonsa ya miƙe yana ƙaras-ƙaras. Da aka kawo ɗanyar ƙaguwa da aka jiƙa a ruwan waken suya, Kawu ya dube ni. Na tuna masa cewa a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ya fito daga teku halal ne. Ya ce ya sani, amma ba duk halal ba ce dole. Ya tura mini farantin da bayan yatsa.

Ban ci ba, kuma kusan duk daren haka na yi. Wanda bai taɓa tafinta a teburin cin abinci ba, ba zai gane wannan ba: da ka kai loma baki sai wani ya yi magana, idanu huɗu su juyo kanka. Ga tsinkayen cin abincinsu na ƙarfe ne, masu faɗi, masu santsi. Faranti yakan zo gabana ya koma da rabinsa, mai hidimar tana tambayata a hankali ko bai yi daɗi ba ne.

Abin da ya fi damun Sajang-nim shi ne nama. A wurin ɗan Koriya, in ana so a nuna wa baƙo an ɗauke shi da girma, hanwoo ake gasa masa, naman saniyar ƙasar. Hukuma ce ke ba shi daraja, daga 3 zuwa 2 zuwa 1, sai 1+, sai 1++ a can ƙoli, kuma babban abin da ake dubawa shi ne yadda kitse ya ratsa tsoka. Ya ba da haƙuri ya fi a ƙirga, kamar shi ya yi laifi. Daga ƙarshe ya roƙi a kawo ɗanyen naman a tire, ko gani ne yayansa ya yi. Aka kawo yanka huɗu a kan ganye, jajaye masu zanen fari kamar an yi musu aiki da allura. Kawu ya sa tabarau ya leƙa sosai.

"Wannan ai rabinsa kitse ne. A gida mahauci gyara yake ba ka irinsa."

Na juya na ce wa Sajang-nim, Kawu ya ce bai taɓa ganin nama mai irin wannan tsari ba. Duka biyun gaskiya ne.

Inda Kawu ya miƙa wuya shi ne wajen miya. Wata 'yar miya ce ruwan ƙasa da aka yi da doenjang, daddawarsu ta waken suya. Babban kukun da kansa ya shigo ya yi bayani: ana dafa waken a kaka, a kirɓa, a cura shi kamar tubali, a rataye ya bushe, sannan a jiƙa shi a ruwan gishiri cikin manyan randuna a waje. Ruwan da aka tace shi ne ganjang, dusar kuma ita ce doenjang, kuma akan bar su shekaru suna nuna. Kawu ya shanye, ya ce a tambaye shi ko ana ƙari. Kukun ya yi dariya ya aiko da wani kwanon. A ganina wannan miyar ta fi duk ƙawar da aka jera mana, kuma irinta ce tsofaffi mata ke sayarwa a lungunan kasuwa a kan kuɗi kaɗan. Tun da littafin Michelin, mai auna darajar gidajen abinci, ya fara raba taurari a Seoul a ƙarshen 2016, gidajen abincin wannan yanki suke tseren mayar da girkin kakanninsu abin alfarma.

Giya ba ta hau teburin ba. Sajang-nim ya sa aka kawo jan shayin 'ya'yan itacen omija mai sanyi, ya riƙa zuba wa Kawu da hannu biyu, manajan kuma in zai kurɓa sai ya kawar da kai gefe, kamar dai giyar ce a gaban manya.

Duk wannan lokaci Kawu yana taɓa ni da gwiwa a ƙarƙashin tebur. "Yi masa maganar farashi." Ya zo da shirinsa tsaf: a rage masa a kan kowane yadi, kuma kafin alƙalami ya zama kashi 30 maimakon rabi. Na ce Kawu a dakata. Mutumin kuwa labarin ƙasa yake ba mu. Ya ce duk inda muke zaune gonaki ne da yana yaro, ko cikin Seoul ba a sa yankin ba sai 1963. Gadar da muka hau an gama ta a 1969, babbar hanyar zuwa birnin Busan a 1970. Gwamnatin Park Chung-hee tana so ta rage cunkoson arewacin kogi, ga kuma tsoron kada a maimaita abin da ya faru a 1950, lokacin da aka tarwatsa gadar Han jama'a suka maƙale a hannun sojojin Koriya ta Arewa. Sai aka kwaso manyan makarantun sakandare aka dawo da su kudu, masu kuɗi suka biyo 'ya'yansu, farashin fili ya haukace. Ya ce an yi wa mahaifinsa tayin gona a nan ya ƙi, ya ce wa zai sayi taɓo.

Kawu ya buga cinya. "Gaya masa ni ma an yi mini tayin fili a Abuja ana daji, na ce me zan yi da duwatsu. Da na sani ƙeya ce." Na yi iya ƙoƙarina da karin maganar. Dariyar da suka yi tare ta fi ta duk daren tsawo, har Sajang-nim ya kama hannun Kawu ya riƙe.

Aka rufe da shinkafa a ƙaramar tukunyar ƙarfe, kowa da tasa. Mai hidimar ta kwashe ta a kwano, ta zuba ruwan zafi a kan ƙanzon da ya kama gindin tukunyar, ta rufe, ta ce a sha a ƙarshe. Kawu ya ce ashe har ƙanzo sai an yi masa jawabi. Ya kankare tukunyar tas. Sai ruwan kirfa da citta mai sanyi.

Sajang-nim ya ce zai zaga bayi. Da ya dawo an riga an biya, haka suke yi don kada a yi jayayya a gaban kanta. Kawu ya zaro dala zai yi wa mai hidimar alheri, na riƙe masa hannu, domin a Koriya ba a yin haka, za ta biyo mu da ita har titi. Maganar yadi kuwa ko sau ɗaya ba ta fito ba. Sai a bakin ƙofa, ana jiran a kawo motarsa, ya ce mu zo Daegu ranar Talata yayansa ya ga masaƙa da idonsa. Sannan ya juyo gare ni, ya rubuta wata lamba da biro a bayan katinsa, ya tambaye ni yaushe zan gama karatu, kuma me na shirya yi bayan nan.

A tasi Kawu ya tambaye ni nawa aka kashe. Na ce kan mutum ɗaya ya haura won 200,000, kuɗin ƙasar ke nan, sama da naira dubu sittin a canjin lokacin, ga mu mu huɗu. A shekarar mafi ƙarancin ladan awa ɗaya a Koriya won 8,350 ne, ke nan abin da ni kaɗai na bari a faranti ya kai aikin yini guda na mai wanke-wanke. Malamin da ke duba bincikena ma ba zai iya zama a teburin ba in ɗalibi ne zai biya, domin tun 2016 akwai dokar da ta sa wa ma'aikatan gwamnati da malamai da 'yan jarida iyaka a kan abincin da za a saya musu, won 30,000 a wancan lokacin. 'Yan kasuwa ba ta shafe su ba.

Kawu bai ce komai ba har muka hau gada. Yana ta lissafi da yatsu.

"Mutumin nan ya ɗaure ni da jijiyata," ya ce. "Da wane bakin zan ce masa ya rage? Kuma ran da ya zo Kano, raguna nawa zan kayar?"

Na ce ai ba lallai ya zo ba. Ya ce zai zo, irinsu suna zuwa. Sannan ya ce in ba shi katin nan ya gani. Ya juya bayansa ya daɗe yana kallon lambar, ya mayar mini, ya ce kada in kuskura in faɗa wa Umma an yi mini maganar aiki sai shi ya fara yi mata bayani, domin ita lissafinta da na gama zan dawo a yi bikina.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji tafiyarmu Daegu, da sharaɗin da Sajang-nim ya gindaya kafin ya yarda da kashi 30, wanda da ni aka ɗaure shi.