'Yar ruwa da tambayar Ummi

Jiya da aka ɗauke wuta, ni da Ummi muka duƙufa kan waya muna kallon katun ɗin 'yar ruwan nan na Disney, na 1989. Da aka zo inda ta bai wa mayya muryarta don ta samu ƙafafu, sai Ummi ta ɗago: "Mama, to yanzu ita 'yar ina ce?"

Na yi shiru. A Gombe aka haife ni, amma in kakata ta Dukku ta yi mini Fulatanci, iyakata "jam", sai ta kwashe da dariya wai Kaɗo ta zo. A makaranta kuwa, a Bauchi, Bafillatana ake ce mini. Ita 'yar ruwan ai da hannunta ta ƙulla cinikin. Ni ban ma san ranar da aka yi nawa ba.